Dangwalen Sarkin Hayaƙi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Kada ki ce ya warke, na san halinki, ko ƙafar aka yanke cewa za ki yi da sauƙi. Mu nan lafiya lau, maman yara tana gaishe ki.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannun kowa. A waya ba kya barin mutum ya kai aya, ni kuwa ina da maganar da nake so in faɗa har ƙarshenta.

Kin san ni ne jami'in tsabta a asibitin nan, duk abin da aka yar daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin haihuwa a wuyana yake. Shararmu iri biyu ce. Akwai ta kowa da kowa, takardu da ɓawon lemo, wadda motar gari ke kwashewa. Akwai kuma mugun iri, allurai da sirinji da auduga mai jini, wadda ba ta da magani sai wuta. Don ita aka gina injin ƙona shara a bayan ɗakin wanki. Shekara ashirin da ɗaya mutum ɗaya ke hura shi, wani dattijo da muke kira Sarkin Hayaƙi, kuma har yau ma'aikacin wucin gadi ne. Gashin girarsa ya daɗe da babbakewa, in aka tsokane shi sai ya ce harajin sarauta ne.

To, a kasafin bana gwamnati ta datse kuɗin gudanar da asibitoci, man injin nan yana cikin abin da aka fara sokewa. A da in mai ya yanke, a rami muke ƙonawa. Sai ga sabuwar dokar kare muhalli ta hana ƙona shara a fili, da tara mai nauyi. Dokar tana kan gaskiya, Yaya, hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne, ga makarantar yara a bayan katangarmu. Amma wanda ya rubuta dokar da wanda ya rubuta kasafin kamar ba su taɓa gaisawa ba. An hana mu rami, an kashe mana inji. Wata huɗu ke nan muna jibge kwalayen allurai a tsohon sito, har ƙofar ta daina rufuwa.

Yanzu kuma masu duba asibitoci za su zo Laraba ta sama. Asibitin da ya ci jarrabawar tsabta za a ba shi tallafi na musamman: haihuwa kyauta, magungunan masu ciki kyauta, har da man inji. Wanda ya faɗi kuwa sai baɗi. Babban likita ya kira ni ofis ya ce ba ya son jin yadda zan yi, shi dai ya ga sito a share.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Na ji an ce babbar 'yarki ta gama karatu, Allah ya sa albarka. Ki yafe mini jinkirin rubutu, ba mantuwa ba ce, kunya ce.

Mun ci jarrabawar. Masu dubawa sun tarar da sito fes, har ƙamshin maganin wanki yake yi. Sun buɗe rajistar ƙona shara, sun gyaɗa kai. Tallafi ya zo, an ba ni takardar yabo a gaban ma'aikata, maman yara ta sa ta a gilashi ta rataye a falo. Tun ranar nake zama ina ba bangon nan baya.

Ga abin da na yi. Ranar Litinin kafin zuwansu na sa Sarkin Hayaƙi ya zuba kwalayen nan cikin baƙaƙen ledojin sharar yau da kullum, aka cusa su cikin sauran shara, motar gari ta yi sawu uku zuwa juji. Bai yarda da sauƙi ba. Ya tsaya a bakin sito ya ce, “Ranka ya daɗe, allura ba ta mutuwa don an rufe mata ido.” Na ce masa kafin yamma katafila za ta binne komai. Ban san haka ba, faɗa kawai na yi. Da ya ƙara jan ƙafa sai na ce wanda ya gaji da aiki ya faɗa, akwai masu nema a bakin ƙofa. Mutumin da a shekaru ya haife ni na faɗa wa haka, Yaya. Ya dube ni, ya sunkuya ya ɗauki leda.

Sai maganar rajista. Tsarin da na tarar shi ne, kullum jami'i ya rubuta nauyin shara da kalmar “an ƙona”, mai hura inji ya sa hannu a gefe. Dattijon bai yi boko ba, don haka dangwala yatsa yake yi. Ba a tanadi gurbin sa hannun jami'i ba ko ɗaya. Na zauna na cike shafukan wata huɗu a zama ɗaya, ina canza biro don kada tawada ta zo iri ɗaya. Shi kuma ya dangwala sau ɗari da ashirin, yana yi yana goge yatsa a wando.

Na ɗauka ta wuce. Ashe katafilar jujin ta fi wata biyu a lalace. Makon jiya wata mata mai tsintar robobi ta zura hannu cikin leda, allura ta shige tafin hannunta. Ma'aikatan hukumar muhalli suka zo suka farke ledoji, suka tarar da robobin ƙarin ruwa masu tambarin asibitinmu. An ɗora matar a kan maganin kariya na wata guda, ana jiran gwajin jini. An kuma kafa kwamitin bincike.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Ki yi mini faɗan, na cancanta.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da maigidan da yara. Amsarki ta iso, layi uku kacal. Da kin zage ni shafi goma da ya fi mini sauƙi a kan “ba haka na rene ka ba”.

An sallami Sarkin Hayaƙi. Abin da zai ƙara ɓata miki rai, ni aka naɗa magatakardan kwamitin, tunda ni ne mai takardar yabo. Ina zaune da biro a hannu aka shigo da shi, ya saka rigarsa ta fita unguwa. Aka buɗe rajista aka tambaye shi yatsan waye wannan, ya ce nasa ne. Aka ce shara ba ta ƙonu ba, me ya sa ya dangwala? Aka ce wa ya ba shi umarni? Ya ɗaga kai yana kallon fanka, ya ce tsufa ya kama shi, ba ya riƙe magana. Ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba. Ni kuma na rubuta, da hannun nan nawa, cewa ma'aikacin ya amsa laifinsa.

Washegari rediyo ya faɗi labarin har da unguwarsu. Direban motar asibiti maƙwabcinsa ne, shi ya ce mini yanzu in dattijon ya zo wucewa mata janye 'ya'yansu suke yi, ana nuna shi ana cewa ga wanda ya zubar wa gari da cuta. Ya daina zama a majalisar ƙofar gida. Mutum ya yi shekara ashirin da ɗaya yana shaƙar hayaƙi don kada cutar ta fita, ga sakamakon da ya samu.

Na je wurin babban likita na ce zan faɗi gaskiya. Ya rufe ƙofa, bai ɗaga murya ba. Ya ce in laifin na leburan wucin gadi ne, sakaci ne, an hukunta, an wuce. In kuwa jami'i ne ya ba da umarni ya cike rajistar ƙarya, to asibiti ne ya yaudari masu dubawa, tallafin zai koma inda ya fito. Ya ja ni har ɗakin haihuwa ya nuna mini. Gadaje a cike, har baranda an shimfiɗa katifu, matan da a da suke haihuwa a gida don tsoron kuɗin asibiti. Ya ce in dube su da kyau, sannan in bar kaza cikin gashinta.

Gwajin matar jujin na farko ya fito lafiya, na gode wa Allah, akwai sauran na wata uku. An kawo mai, inji ya tashi, wani sabon ɗauka ke hura shi. Ni ko ta wajen ba na bi. Abinci ba ya shiga, maman yara har ta fara zargin ko wata ce a waje. Da ma hakan ne.

Gaba kura, baya sayaki, Yaya. Ki gaya mini abin da za ki yi in ke ce.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata jikin da sauƙi. Kin ce ba za ki zaɓa mini ba, tunda ranar da na ɗauko kayan ban yi shawara da ke ba. Kin yi daidai.

Na faɗa. Na rubuta shafi biyu na kai wa hukumar muhalli da ma'aikatar lafiya, na sa hannu a ƙasa da cikakken sunana. An dakatar da ni daga aiki har sai an gama bincike. An janye tallafin daga ƙarshen watan nan, kamar yadda babban likita ya faɗa. Nas-nas ɗin da muke wasa da dariya yanzu in na gaishe su ƙasa suke kallo. Maman yara ta yi kuka kwana biyu, a na uku ta sauke takardar yabon da kanta.

An ba da takarda mai hatimi cewa dattijon ba shi da laifi, umarni ya bi. Aikinsa dai bai dawo ba, sun ce sabon tsari ya hana ɗaukar wanda ya haura sittin. Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, da na karɓi takardar na ji wani sanyi a raina. Na ɗauka na yi abin kirki, har sauri nake in kai masa.

Jiya da hantsi na je. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na karanta masa takardar, ya ce in maimaita, na maimaita. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun ranar kwamiti. Sai ya tambaya ko gaskiya ne abin da ya ji, cewa haihuwa kyauta ta ƙare. Na ce gaskiya ne.

Ya daɗe yana juya takardar a hannu. Can ya ce, “Ai da ka biyo ta nan kafin ka je. Autata tana da ciki wata takwas, an ce sai an yi mata aiki, mijinta kuma ba shi da ƙarfi. Saboda ita na yi shiru, ranka ya daɗe, ba mantuwa na yi ba. Na ce suna ne, ya ɓaci, in dai za ta sauka lafiya.”

Yaya, ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka ni yake rufa wa asiri. Na ce zan tsaya mata da abin da nake da shi. Ya ce Allah ya saka da alheri, amma ai ba ita kaɗai ba ce a layin. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya rako ni har bakin titi yana yi mini godiyar tattaki.

Sau biyu ke nan ina yanke wa bawan Allah nan hukunci. Na farko ya yi magana ban saurara ba, na biyu ko tambayarsa ban yi ba. An ce ranar sha biyu ga wata mai zuwa za a shiga da yarinyar tiyata. Zan je in zauna a bencin baranda, ko ba wanda zai amsa gaisuwata. Ki sa ta a addu'a kafin ki sa ni.

Ki gaishe da maigidan da yara. Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki mai neman gafara,
Auta