Tana So Ta Gwada a Itatuwan Mahaifinta

Takardar ta canza launi, Malama, da idona na gani! Au, ban ma yi sallama ba. A yi mini afuwa, da furfurata na koyi rubutu a ajin yamma. Taimako nake nema.

Jikanyata Surayya, wadda nake tsokana da amaryata, tana karatun aikin gona. Ta haɗa wata 'yar takarda da ake ɗiga wa ruwan hancin mangwaro. In ta tsaya fara, da saura. In ta koma rawaya, nunarsa ta kusa. Mun gwada a iccen maƙwabcinmu nan Bukkuyum, ya kuwa nuna yadda ta ce. Ina cikin dariya sai na ji gemuna ya jiƙe.

Ubanta, ɗana Hamza, kullum sai ya hau babur zuwa garkarmu ta bayan gari ya duba ko mangwaro ya ƙosa, kada ya tsinko ɗanye, kada kuma jemagu su riga shi. A wannan hanyar 'yan bindiga suka harbe shi. Surayya ta ce da ya san lokacin nunar, da bai yi ta jeka-ka-dawo ba.

Yanzu ta dage in kai ta ta gwada a itatuwan da ya dasa. Innarta Adama, wadda ko ƙamshin mangwaro ba ta so tun rasuwar, ta ce sai dai bayan ranta. Ni ma zuciyata tana can garkar. Yaya zan yi? Takardar dai tana cikin hulata, kowa ya zo ya gani.

Tsoho mai garka, Bukkuyum

Baba, Allah ya jiƙan Hamza, ya yi wa Surayya albarka.

Yarinyar nan so take ta nuna wa mahaifinta aikinta, kuma itatuwansa kaɗai suka rage mata. Adama kuwa hanyar ta riga ta raba ta da miji. Kowacce tana da gaskiyarta. Amma kada ka kai ta, kai ma kada ka je. Don a rage bin hanyar aka yi takardar.

Ka fara zama da Adama ku biyu, ta ji daga bakinka cewa ba za a je ba. In akwai maƙwabtan da zuwa garkokinsu na can ya zame musu dole, Surayya ta koya musu gwajin. Kada a aiki kowa takanas. Ka roƙe su su yanko reshe ɗaya daga iccen Hamza, a yi masa aure da ƙaramin dashe a tsakar gida, in Adama ta amince. Kada a matsa mata.

Ranar da ya yi 'ya'ya, Surayya ta gwada takardarta a iccen mahaifinta, innarta tana kallonta daga ƙofar ɗaki. Allah ya nuna maka ranar, Baba.