Zakin da Ya Rasa Ɗan'uwansa

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga Lyon, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aikin gandun daji? Ya ƙafar Inna?

Ka tuna zakuna biyun nan 'yan'uwa da muka ɗaura wa na'urar bin sawu a wuya? Tun da babban ya mutu nake bin ƙaramin a ordinata, wato kwamfuta. Sati uku alamarsa tana kewaya wuri ɗaya, har na ce wa malamina na'urar ta lalace. Ya ce in dubi taswira da kyau. Ashe wasu zakuna uku da suka ƙwace musu mata sun tare gabas, kogi ya tare kudu, sauran duk makiyaya ne. Shi kaɗai ba ya iya faɗa, kuma ba hanyar fita.

Sai na ga ni ma haka nake. Takardar izinin zamana a ƙasar nan ta ƙare, sabuwa ta ƙi fitowa. In na zo gida ba na komowa, ga karatu bai ƙare ba.

Don Allah ka je ka dubo shi kafin makiyayan su sa masa guba. Ku sa mu a addu'a, mu biyun. Ka gaida Inna, amma labarin zakin kawai za ka ba ta.

Ƙanenka,
Mamman