Tsohuwar Lambar Inna

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan lafiya lau, Inna ma da sauƙi, sai dai ƙafar da kika sani.

Albishirinki, na rabu da kamfanin intanet ɗin nan da ya ishe ni. Kin san da koyar da lissafi ta bidiyo nake riƙe gidan nan. To wata uku ke nan, ina tsakiyar darasi sai hoto ya daskare, ni baki buɗe kamar kifi a faranti, yara suna ta sheƙa dariya. Iyaye biyu har sun janye 'ya'yansu. Kwantiraginmu na ƙarewa na ce Allah raka taki gona.

Ashe sauya kamfani ba wuya. Ba sai na kira tsohon ina roƙo ba, sabon ne ke yin komai. Ka cika musu fom, su sanar da wancan, su sa maka rana. A ranar mai haɗa waya zai zo da sabon akwatin wayifai, tsohon layi ya mutu, sabo ya tashi. Tsohon akwatin kuma ka mayar wa masu shi cikin jakar da za su aiko maka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro maimakon in kira ki, don Inna kurma ce sai in maganar ƙaninmu Auta ake yi. A fom ɗin akwai tambaya guda: kina son riƙe tsohuwar lambar wayar gida? Wayar gida da intanet layi ɗaya suke bi, in ba ka ce a ɗauko maka lambarka ba, tare da tsohon kamfani za ta tafi. Na daɗe ina kallon tambayar nan. Sai na zaɓi a'a.

Kin gane ai. Lambar nan kaɗai gidan yari suka amince Auta ya riƙa kira, kowace Lahadi ƙarfe huɗu, minti goma. Da kin ga Inna ranar Lahadi! Tun da hantsi take sa ni in yi mata wanka, in ɗaura mata zanen nan mai ruwan ƙasa, har turare take shafawa, sai ka ce ta waya ake jin ƙamshi. Ni shekara bakwai ina ɗaga ta ina kwantar da ita, ina wanke abin da baki ba ya faɗa, ko sannu ban taɓa samu ba. Shi da ya fasa wa mutum kai da kwalba, shi ne ɗan albarka. Ran nan na kawo mata shayi suna cikin waya, ta kore ni da hannu kamar ƙuda.

Ban tsinke waya ba, ban taɓa kowa ba, alama ɗaya na yi a takarda. Ke ma kin sha wannan ruwan. Kin tuna da aka sayar da kekenki aka saya masa takalmin ƙwallo? Don haka na san za ki fahimce ni.

Ki gaishe da yara, ki shafa min kan ƙaramar.

Taki har kullum,
Yayarki

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Na samu wasiƙarki, na karanta wa'azin da kika yi min shafi uku. Sannu malama! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke da sau ɗaya kike leƙo mu a shekara, kina toshe hanci a ƙofar ɗakin Inna, yau ke ce mai tausayi? Kuma tun da aka ɗaure Auta ko layi ɗaya kin taɓa rubuta masa? Mijinki ya hana, kika ce to. Saboda haka sabuwar lambar da kike nema ba zan ba ki ba, wayar hannuna ta ishe ki.

Aikin ya tafi sumul. Mai haɗa waya ya zo ranar Talata da tsaninsa da na'urar huda bango, wani dogo mai surutu kamar aku. Ya huda gefen taga, ya shigo da siririyar waya, ya kafa akwatin a kan teburin da ke kusa da kujerar Inna. Soket bai kai ba, na sauka shagon ƙasa na sayo na ƙari, na dawo na tarar yana ta zuba wa Inna hira tana gyaɗa kai. Kafin azahar fitilar akwatin ta koma koriya. Yanzu hotona ko ƙiftawa ba ya yi, har na samu sababbin ɗalibai uku.

Lahadin farko Inna ta yi wanka ta shafa turarenta. Huɗu ta yi, huɗu da rabi, biyar. Ta ɗaga kan wayar ta kara a kunne, ta ji layi na nan garau, ta mayar. Ai layi lafiyarsa ƙalau, lambar ce ba ita ba. Na ce mata ƙila Auta ya manta, da ma can yaushe ya damu da kowa in ba yana neman wani abu ba? Lahadi ta biyu haka, ta uku haka. A ta huɗu ba ta nemi turaren ba.

Wasiƙarsa ta iso a mako na biyu, da hatimin gidan yari a bayanta. Ban buɗe ba. Jakar mayar da tsohon akwati na kan tebur, na cusa ta a ciki tare da akwatin da wayoyinsa, na liƙe na kai gidan waya. Su karanta a can in suna da lokaci.

Kamfanin sun ce in mutum ya yi kuskure, yana da kwana talatin ya nemi a dawo masa da lambarsa. Na riƙa ƙirga kwanakin a kalandar kicin. Shekaranjiya suka cika.

Ki ce min muguwa, na ji. Amma ki saurari wannan. Yanzu Inna tana kiran sunana. In na yi mata wanka sai ta ce sannu, Allah ya yi miki albarka. Jiya da zan tashi ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Shekarata arba'in da shida, ban taɓa sanin tafin hannunta yana da laushi haka ba. Abinci ne dai ba ta ci sosai, cokali uku ta ture, amma wannan tsufa ne.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Ki gaida mutanen gida.

Yayarki

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun isa gida lafiya, da fatan gajiyar hanya ta sake ku. Ya ƙarin haƙurinmu? Kwana uku kika yi a nan ba ki dube ni ba, ni ma ban nemi ki dube ni ba. Akwai abin da ban iya faɗa miki a gaban mutane ba.

Da likita ya ce jikin Inna ya ƙi abinci kuma ba wani magani da zai ƙara, wallahi na yi ƙoƙarin gyarawa. Na kira sabon kamfani, suka ce lambar ba ta taɓa zuwa hannunsu ba. Na kira tsohon, wata mai zaƙin murya ta ba ni haƙuri, ta ce kwana talatin sun wuce tuntuni, lambar ta koma rumbunsu. Na yi ta magiya har da kuka, ta tambaye ni ko akwai wani abin da za ta taimaka min da shi. Sai na rubuta wa Auta sabuwar lambar. Ashe sai ya cika fom a can gidan yari, su aiko min takarda in sa hannu, sannan su tantance. Mako shida suka ce. Inna ba ta da mako shida.

Ana gobe za ta rasu, da safe ina goge mata jiki, na ce mata Auta ya kusa kira, matsalar layi ce aka samu. Ta buɗe ido ta dube ni. Ta ce in daina wahalar da bakina, ta sani tun ranar da aka kafa akwatin. Lokacin da na sauka sayen soket, mai haɗa wayar ya tambaye ta me ya sa muka yar da lambar da ta shekara talatin a gidan, alhali kyauta ake ɗauko ta.

Na ce to me ya hana ta magana? Ta ce wanda ya iya yanke mata ɗa da biro, me zai hana shi yanke mata wanka da ruwan sha? Ta ce tsorona take ji. Sannun nan da albarkar nan da riƙe hannun nan da na yi miki alfahari da su, duk na tsoro ne. Daga nan ta juya fuskarta bango.

Jiya Lahadi, ƙarfe huɗu daidai, ina ninke zannuwanta wayar ta yi ƙara. Ashe gidan yari sun amince da sabuwar lambar. Na ɗauka, na ji Auta ya ce Inna. Na buɗe baki in gaya masa, murya ta ƙi fita. Shi kuwa ya ɗauka fushi take yi. Ya shiga rantsuwa cewa ko Lahadi ɗaya bai fasa kira ba, wata huɗu ana ce masa babu wannan lambar. Yana kuka kamar yaron goye, yana ta cewa yafe min Inna, ki yi min magana ko da zagi ne. Ya ce yana jin numfashinta. Ya ce ya san ta shafa turaren nan. Ina zaune a kujerarta, na bar shi yana roƙo har minti goman suka cika layin ya yanke.

Ban gaya masa ba. Kuma kada ki ɗauka tausayi ne ya hana ni. Tun da nake, ba wanda ya taɓa yi min magana da irin wannan muryar.

Ki roƙi mijinki ya bar ki ki rubuta masa, ki faɗa masa Inna ta rasu. Ki yi da wuri, don Allah. In ta sake ƙara ranar Lahadi, na san zan ɗauka, kuma na san shiru zan yi.

Ki gaishe da yara.

Yayarki