Wanda Yake Rufe Kwamfutar

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan muna nan. Baba yana cin abinci idan an ajiye masa, yana shan maganinsa idan an tuna masa. Auta ta koma makaranta. Ni ma na koma shagon buga takardu, ina zuwa, ina dawowa. Mutane suna ta yaba mini haƙuri tun rasuwar Mama, ni kuwa ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai.

Maganar bidiyon nan ce ta sa na rubuto. Na ga saƙonka cewa duk abin da ka ɗauka na Mama lokacin da ta zauna wurinku ka haɗa shi fayil ɗaya, ka ɗora a wani shafin intanet, kuma wayar da ka ɗauka da ita ta mutu. Ka ce shafin zai goge shi ƙarshen mako. Kai ma dai Yaya, ba ka sauya hali ba, kaya ɗaya kake ɗaurawa ko da zai karya wuyan mai ɗauka. Mu a nan ba mu da muryarta ko ta minti ɗaya, ba wanda ya taɓa tunanin ɗauka.

Na ɗora kwamfutata a teburin falo, na shiga shafin, na danna saukewa. Wani shuɗin layi ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Na bar shi na tafi aiki. Da na dawo na tarar da ita a rufe, na buɗe, an rubuta cewa saukewar ta katse. Na danna a ci gaba, sai layin ya koma farko. Washegari haka, wanshekare ma haka, har da ranar da layin ya kusa kaiwa ƙarshe. Ban yi fushi ba. Dannawa nake yi kawai in tashi. Abokin aikina ya ce idan aka rufe murfin kwamfuta barci take yi, hanya ta yanke, shi kuma wannan shafin ba ya tuna inda aka tsaya. Na tuhumi Auta, ta rantse ba ta ko bi ta wurin ba.

Ranar Alhamis na dawo da wuri, sai na ga abin da idona. Ka tuna zagayen Mama na yamma, yadda take bin gida tana rufe taga, da tukunya, da bokitin ruwa, da ƙofar kabad ɗin da kai kullum kake bari a hangame? Ashe Baba ne ya karɓi aikin, bai gaya wa kowa ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ya rufe tagar falo, ya gyara murfin kwano, ya zo kan kwamfutar ya sauke murfin a hankali, har ya ɗan shafa shi da tafin hannu yadda take yi. Mutumin da a rayuwarsa bai taɓa rufe ko man goge baki ba.

Na zaunar da shi na yi masa bayani. Na ce Mama ce a ciki, tana tahowa daga wurinka kaɗan-kaɗan, duk lokacin da aka rufe sai ta koma farko.  Da safe ya jawo kujerarsa gaban teburin, ya ce in je aikina. Auta, da ba ta je makaranta ba ranar, ta ce tun da na fita, in ban da salla bai tashi ba, ita ma sallar a gefen teburin ya yi ta. Da wuta ta ɗauke na ɗan lokaci, sai ya tambaye ta ko batirin zai kai. Ranar ba a rufe taga ko ɗaya a gidan nan ba.

Na dawo na same shi a wurin, layin ya cika. Na duba, fayil ɗin ya sauka gaba ɗaya. Ya tambaye ni ko yanzu duk ta iso, ba abin da ya rage a hanya. Na ce ta iso. Na kai hannu zan kunna, sai ya ce ba yau ba. Ya tambaya ko yanzu in an rufe za ta koma, na ce a'a. Sai ya rufe.

Har yanzu ba mu kalla ba. Idan shafin ya goge, kada ka damu, tana gida.

Ka gaida Anti, ka gaida yara, Dogo da 'yar Baba, ka ce ina jin labarin karatunsu. Baba da Auta suna gaishe ku. Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa mu gana da alheri.

Ƙanwarka.