Addu'ar Arba'in a Makon Jarrabawa

Salaga, daren Talata, watan Rajab

Na daɗe ina faɗa, a danginmu karatu ba shi da daraja sai ranar ɗaukar hoto da rigar digiri. Yau ɗana Nasiru ya dawo daga jami'a da akwatinsa.

Yaya Alhaji ne ya kira shi a makon jarrabawa, wai ya zo Yendi addu'ar arba'in ta Gwaggo. Na ce, "Yaya, a bar yaron ya rubuta." Ya ce, "Kai da ka rubuta, ina ka kai? Jarrabawa ce ta goya shi?" Sakaran yaron ya hau lori da murnarsa, ya je yana raba goro.

Abokin ɗakinsa ɗan garin Bawku, kakansa ya rasu a makon, danginsa suka ɓoye masa har ya ajiye biro. Ai su ma suna son mamatansu. Mu kuwa in ba a ga fuskarka ba, boko ya lalata ka.

Na tambayi Nasiru ko abin ya dame shi. Ya ce, "Baba, ai kowa ya yaba mini."

An ce ya maimaita shekara, ya ce ba zai koma ba. Ɗan Bawku ya wuce aji. Nawa kuwa gobe zai bi Yaya kasuwar doya.