Ɗakin da Ka Ɗebo wa Yashi

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan unguwar Turaki muna nan. Kada ka yi mamakin rubutun, hannuna ne. Na shiga ajin manya da ake yi wa mata da la'asar, bayan an tashi yara.

A makarantarku ake yi. Ban sani ba sai da muka isa bakin ƙofa.

Na san ta tun tana rumfar zana, har En'e ta mayar da ita ginin laka, har aka ce za a ƙara ajin manyan yara, na dutse da siminti. Ku aka sa ɗebo yashi daga mayo, kogin nan namu, ga ruwa bai gama janyewa ba. Ka fita da kwando da gammo. Kwandon ya riga ka dawowa gida.

A wannan ɗakin aka zaunar da mu. Rufin kwano ne, da manyan tagogin katako, da baranda. Nakan jingina da bango in shafa tsakanin duwatsu, inda yashin yake. Na ɗauka zan ji wani abu. Yashi ne kawai.

Ranar da ruwa ya ci ka ma ban ji komai ba. Mata suka yi ta yabona, wai na yi kara irin ta uwar ɗan fari, ko hawaye babu. Ba kara ba ce. Babu abin da zai fito ne.

Abin da na riƙe na ranar shi ne ƙafafun yara a ƙofar gida. 'Yan ajinku ne suka ɗauko ka: 'ya'yan Fulani, 'ya'yan Kanawa na unguwar Sintali, da yaran Mumuye da ba sa salla, suka tsaya daga gefe har aka gama jana'iza. Agbu, yaron Jukun da ya yi nutso ya fito da kai, yana nan bai gama makarantar ba tukuna. Duk sanda ya gan ni sai ya ce da irin Hausarsa, "Inna, ka zo karatu? Kada ka yi latti, akwai bulala!" Yakan ajiye mini guntun alli.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mai unguwa ya zo, wai bana har da ƙaninka Sale a cikin masu shiga makaranta. Na tura shi Iware wurin goggonku, na ce yana taya ta girbi. Babanku ya ce, "Ruwa ba ya cin wanda kwanansa bai ƙare ba." Ana kuma zancen ƙara wani ɗakin, ka san abin da ake gini da shi.

Agbu ne ya tare ni a baranda. Ya ce, "Inna, ka kawo shi. In an je mayo, ni ne a bayansa." Bai yi dariya ba.

Na aika a dawo da Sale ranar kasuwa. Ban san ko daidai na yi ba. Kwandonka yana rataye a madafa, shi kam ba zan ba shi ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya tsare ƙaninka, ya raya Agbu ga uwarsa.

Ka san bakina bai taɓa kama sunanka ba, kuma ba zai kama ba. Amma da malama ta ce kowa ta rubuta suna guda a allo, ba nawa na rubuta ba.

Ni ce,
uwar Usmanu.