Layi Ɗaya Na Goge, Laifin Ya Faɗa Kan Taubashina

Salamu alaikum Admin, a sakaya sunana. 'Yan uwa masu rubuta manhaja, don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san wa'azi ya zo yi mini ya wuce abinsa, raina a ɓace yake.

Ni da taubashina, ɗan kawuna, muka yi wa wasu masu jiragen ruwa a Warra manhajar waya. Aikinta ɗaya ne, mai rubuta fasinja ya shigar da mutane da buhuna da babura, in nauyi bai wuce ƙima ba ta nuna kore, in ya wuce ta nuna ja, jirgi ba zai tashi ba. Duk ɗan Yauri ya san abin da lodi ya sha jawo mana a ruwan nan.

Mun raba aiki. Shi ya rubuta babban class, wato sashen manhaja, mai suna Jirgi, a ciki akwai method, wato jerin umarnin da ke duba nauyi. Ni na rubuta JirginKasuwa, wanda ya gaji nasa, kuma ni nake haɗa komai in saka a waya. Ga wanda bai sani ba, in ƙaramin class ya sake rubuta method na babba, dole ya kira na asalin da super, in ba haka ba abin da ke cikin na babban ba zai taɓa yin aiki ba. Layi ɗaya ne tak.

To shi wannan mutum digiri gare shi, ni kuwa a waya na koya, kuma bai taɓa barina na manta ba. Ranar da muka kai wa shugabannin masu jirgi aikin, a gabansu ya ce shi ya yi ginin, ni fenti kawai na shafa. Aka yi dariya. Da na yi masa magana a hanyar komawa Yelwa sai ya ce wasan taubashi ne, wai ban san wasa ba. Wasa a gaban mutanen da nake neman su san ni da sana'ata? Na faɗa masa abin da ke raina, shi ma ya faɗa mini, har ya ce ba don class ɗinsa ba nawa ko tsayuwa ba zai yi ba. Tun daga nan ko gaisawa ba ma yi.

Maganar nan ce ta tsaya mini a wuya. Na rantse nawa ba zai ƙara kiran nasa ba. Na goge layin super, na kwafi lissafinsa na liƙa a cikin nawa, na gwada, komai daidai. Har daɗi na ji.

Da damina ta kankama sai ya gyara nasa, ya rage ƙimar nauyin saboda iska da igiyar ruwa, ya turo mini fayil ko sallama babu. Na haɗa na saka a waya. Ban tuna cewa nawa tsohon lissafi yake bi ba, gyaransa yana zaune ba mai kiransa.

Ranar kasuwa aka loda wani jirgi, mata da yara da buhunan masara, waya ta nuna kore. Dattijon da ke tuƙin ya leƙa gefen jirgi ya ce, "Ba ni tashi da wanga kaya. Ku waya kuka kallo, ni ruwa nika kallo." Sai da aka sauke mutane da buhuna. Suna tsakiyar ruwa iska ta taso, da ƙyar suka kai gaɓa. Da da lodin farko suka tashi, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Shugabannin suka kira taubashina, tunda shi ya ce shi ne mai gini. Sun yi masa tas, wani ya ce da rayukan mutane yake wasa, yanzu a tashar jirgin ana nuna shi da baki. Ba zan ɓoye muku ba, da farko cewa na yi kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ranar Juma'a za su zauna su yanke ko za su raba shi da aikin su bar mini, tunda ni mai fenti ne, ba ruwana.

Jiya da hantsi ya turo mini saƙo, maganarsa ta farko da ni a wata uku. Ya ce kwana huɗu yana bin class ɗinsa layi-layi bai ga kuskuren ba, ko abinci ya kasa ci, don Allah in duba masa, wataƙila idona ya ga abin da nasa bai gani ba. Nawa bai taɓa gani ba, yana kwamfutata.

Ni kuwa tuni na buɗe nawa na gane laifin daga wajena yake. Na riga na mayar da layin, wayar ta koma daidai. In na yi shiru ba mai sani har abada. In na faɗa, mutumin da ya wulaƙanta ni zai samu abin gorin da zai yi mini har tsufa, kuma ba mai ƙara ba ni aiki daga Shanga har Ngaski. Har yanzu haushinsa nake ji, wallahi ban huce ba. Amma yana can yana neman laifin da ba nasa ba, kuma ni ya roƙa in taya shi nema. Ku faɗa mini, me zan rubuta masa?